Sanarwa a Shafi na Shida

Tun Fotis bai gama kwance igiyar da aka ɗaure jaridun da ita ba Lemonia ta ɗora hannu biyu a kansu.

"Duka nake so," in ji ta.

Fotis ya leƙo daga cikin kes ɗinsa, ya dube ta ta saman tabarau. Shekara ashirin yana sayar da jarida da sigari a bakin dandalin garin, bai taɓa ganin Lemonia tela ta sayi ko da guda ɗaya ba.

"Duka me, Kira Lemonia?" Kira laƙabin girmamawa ne na mata a garin, na maza kuma Kir.

"Muryar Kwari. Guda nawa aka kawo?"

"Goma sha takwas. Karatu ne ya kama ki da tsufa?"

"Tsarin riga zan yanka da su. Takardar tana da ƙwari."

"Wannan takardar? Wadda in mutum ya yi atishawa a kusa da ita take yagewa?" Ya shiga nannaɗe mata su yana girgiza kai. Sai da ya miƙa mata sannan ya rage murya. "Shafi na shida ne, can ƙasa daga hagu, tsakanin tallan tarakta da cigiyar akuya. Tun ɗazu na zaro ɗaya na karanta. Allah ya sanya alheri."

Lemonia ta ji fuskarta ta ɗauki zafi har kunnuwa.

Shekara talatin da ɗaya ke nan Evanthia tana zaune a gidanta. Ta zo garin ne a matsayin ungozoma, ta kama hayar ɗaki a saman shagon ɗinkin, daga nan ba ta sake fita ba. Har yau, da suka tsufa tare, mutanen gari 'yar hayar Lemonia suke ce mata. Kowa ya sani, ba wanda ya taɓa faɗa, ita kuwa Lemonia wannan tsarin ya yi mata daidai.

Sai bara da sanyi ciwon zuciya ya kayar da Evanthia a kicin. A babban asibitin birni, a ƙofar ɗakin da ake kwantar da masu tsananin ciwo, wata nas ta tambayi Lemonia ita wace ce a wurin marar lafiyar. Kafin ta yi tunani bakinta ya riga ta: "Mai gidan da take haya." Nas ɗin ta ce 'yan'uwa kaɗai ake bari. Kwana huɗu Lemonia ta yi a kan benci a waje, likita kuwa yana ta neman shawarar wani ɗan yayar Evanthia da ke Jamus, wanda rabonsa da ita tun yana sa gajeren wando.

Shi ya sa da majalisa ta yarda mace ta auri mace, namiji ya auri namiji, Lemonia da kanta ta je ofishin magajin gari ta tambayi yadda ake yi. Komai ya zo da sauƙi, ban da abu ɗaya. Ba a ba da takardar izinin aure sai an buga sanarwa a jarida, da sunayen masu auren da na iyayensu. Ta je ta roƙi mai jaridar ya buga da baƙaƙe ƙanana, a inda ido ba ya zuwa. Duk da haka ba ta yarda ba. Wanda take tsoro mutum ɗaya ne, yayanta Babis, mai ba da waƙa a cocin garin.

"Saura ɗaya fa," in ji Fotis. "Ta gidan kofi. Su kai tsaye ake kai musu."

Ƙarfe tara Babis yake isa gidan kofi kullum, kuma jarida yake fara nema. Ta dubi agogon coci, takwas da rabi ta wuce.

Ta tsallaka dandalin da ƙunshin jaridu a hammata. A gidan kofi tsofaffi sun kewaye tebur, sun ajiye karta a gefe, suna sauraron Stelios. Tsohon matuƙin jirgin ruwa ne wanda kunnensa ya yi nauyi, kuma shi ke karanta musu sanarwar mutuwa kowace safiya, da ƙarfi kamar mai shela.

"Shekara tamanin da tara!" yake faɗi. "Ya bar 'ya'ya biyar!"

"Ya ci nasa ya ci na wasu," in ji wani. "Juya shafi."

Lemonia ta kutsa tsakaninsu. "Kir Stelios, ara mini jaridar nan minti ɗaya."

"Me?"

"Jarida!"

"Ai ga su nan cike da hammatarki!"

Ta kama gefe ɗaya, ya riƙe ɗayan. Ta ja, ya ja. Takardar ta rabe biyu, aka bar ta da labarin ƙwallo a hannu. Stelios ya dubi rabin da ya rage masa, ya kai shi kusa da hanci don ya ga abin da ake faɗa a kai.

"Kai! Lemonia za ta yi aure!" Ya ɗago da murna. "Wane ne angon?" Ya koma ya bi layin da yatsa. "Evanthia... Af, ita ma auren za ta yi? Biki biyu rana ɗaya? To ita wa za ta aura?"

Takis, mai gidan kofin, ya ajiye tiren hannunsa, ya sunkuya a kunnen Stelios, ya faɗa a hankali. Stelios bai ji ba. Ya sake faɗa, bai ji ba. Sai Takis ya cika ƙirji da iska.

"Juna za su aura!"

Tantabarun da ke kiwo a dandali suka tashi. Matar da ke shanya a benen da ke kallon gidan kofin ta tsaya da riga a hannu.

Mitsos mahauci ya ture kujerarsa baya. "Abin kunya," ya ce, ba tare da ya dubi Lemonia ba. "A garin nan, a gaban 'ya'yanmu. Matata ba za ta ƙara kai ɗinki shagon nan ba."

"Kai Mitsos," in ji Takis, "'ya'yan naka uku wa ya jawo su duniya? Na ƙarshen ma da ƙafa ya zo, har kana kuka a bakin ƙofa."

"Wannan aikinta ne. Wannan kuma daban."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Mutum biyu suka sunkuyar da kai a kan kofunansu. Stelios kuwa ya daɗe yana nazarin takardar, sannan ya ɗago.

"Za a yanka rago?"

Lemonia ba ta san yadda aka yi ta iso gida ba. Ta hau bene ta samu Evanthia a kicin tana tsintar wake, ga ƙwayoyin maganinta jere a kan faranti. Evanthia ta dubi ƙunshin, ta dubi yagaggen shafin ƙwallon.

"Mene ne wannan?"

"Jarida."

"Na ga jarida ce. Kifi za ki fara sayarwa?"

Lemonia ta jibge su a kan kujera. "Ba don kaina ba ne. Don Yaya Babis ne. Kin san hawan jini gare shi."

"Ni kuma zuciya gare ni, amma ban ga kin saye garin nan saboda ni ba."

"Haba Vanthi, ai saboda ke ake yin abin nan gaba ɗaya! Takarda kawai muke so, don in an sake komawa asibiti..."

"Au, takarda." Evanthia ta jefa wata tsakuwa a cikin kwano, ta yi ƙara. "To je ki auri asibitin."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka kike nufi. Lemo, ni ban taɓa yi miki ƙorafi ba. Ranar bikin 'yar Babis a teburin maƙwabta aka zaunar da ni, tare da mai gyaran famfo, na ci abincina na yi shiru. Ranar jana'izar babarki, wadda na yi shekara biyu ina yi wa wanka, a layin baya na tsaya. Na ce haka zamanin yake. Yanzu zamanin ya ce to, ku fito. Ke kuma kin tashi da sassafe kina kwashe sunana daga titi kamar kayan sata." Ta ci gaba da tsintar wakenta, muryarta ba ta ɗaga ba. "In auren ɓoye ne, wanda muke ciki ya ishe ni. Ba zan sa hannu ba."

Lemonia ta buɗe baki ke nan aka danna ƙararrawa, aka riƙe ta. Mutum ɗaya ne a garin yake danna ƙararrawa haka.

Babis ya hawo yana haki, cikin baƙar kwat ɗinsa ta coci, da waya a hannu. Tun rasuwar matarsa Marika, a wannan kicin yake cin abincin ranar Lahadi, kuma bai taɓa kiran Evanthia da wani suna ba sai malama ungozoma. Yau ko kallonta bai yi ba. Ya ɗaga wayar a fuskar ƙanwarsa.

"Tun ƙarfe shida jikata ta turo mini daga birnin Atina. Da hoton zuciya ja har guda bakwai! Wai jaridar tana sa shafukanta a waya."

Lemonia ta dubi tulin da ke kan kujera. Evanthia ta yi wani ɗan tari wanda ba na ciwo ba.

"Shekara talatin na rufe idona," in ji Babis. "Na taɓa tambayarki? Na taɓa cewa uffan? To me ya kawo jarida?"

"Doka ce ta ce sai an buga, Yaya."

"Doka! Dokar ce za ta tsaya kusa da Fada ranar Lahadi, ko ni? Ita mutane za su kalla, ko ni? Kuma da sunan babanmu! Mutumin da ke kwance a kabarinsa lafiya, kin tono shi kin sa shi kusa da akuya. Saurari yadda aka rubuta, ki ji da kunnenki." Ya gyara murya irin ta coci. "Lemonia, 'yar Anastasis..."

Ya tsaya. Ya nisanta wayar, ya sake kusanto da ita.

"Wane ne Anastasis?"

Lemonia ta zaro jarida ɗaya ta buɗe shafi na shida. Duk gudun da ta sha tun safe, sai yanzu ta karanta.

"Babanmu Anestis ne!" Babis ya doki tebur, wake ya yi tsalle. "Anestis! Mutumin da ya dasa rabin zaitunan kwarin nan, a ce ba a iya rubuta sunansa ba? Anastasis ai wancan ɓarawon kajin ne na bayan makabarta!"

"To ai shi ke nan, Kir Babis," in ji Evanthia. "Kwantar da hankalinka. 'Yar wani ce za ta yi aure."

Ya juyo ya dube ta. Ya ja kujera ya zauna a kan jaridun. Evanthia ta tashi ta zuba masa ruwa, ya karɓa ya sha.

Lemonia ta tsaya a jikin murhu. Tun suna yara ba ta taɓa yi masa musu ba. Shi ya kai ta koyon ɗinki, shi ya tsaya mata ta buɗe shago.

"Yaya," ta ce, "lokacin da Marika take asibiti, wa ya tsayar da kai a ƙofa ya ce kai wane ne?"

Babis ya sunkuyar da kai yana kallon kofin.

"Kana riƙe da hannunta ta cika. Ni kwana huɗu na yi a kan benci, ina roƙon mai shara ta leƙa mini ko tana numfashi. Kuma ba laifin nas ɗin ba ne. Ni ce na ce ni mai gidan haya ce." Ba shi take kallo ba yanzu, Evanthia take kallo. "Ba nas ɗin ce ta fara hana ni shiga ba. Ni na hana kaina."

Hannun Evanthia ya tsaya a cikin waken, sannan ya ci gaba.

Babis ya daɗe yana juya kofin a tafinsa. Da ya yi magana, muryar cocin ta tafi.

"Ba zan zo ba, Lemo. Ba zan iya ba. Kar ki saka rai."

"Na ji, Yaya."

Ta ɗauka ta shirya wa wannan amsar, amma sai da ta dafa murhun. Ya miƙe, ya gyara kwat, ya nufi ƙofa. A bakin bene ya tsaya, bai juyo ba.

"Ranar Lahadi..."

"Me?"

"Waken nan haka za a dafa shi, ko da nama?"

"Da nama," in ji Evanthia.

"To." Ya sauka taki biyu, ya sake tsayawa. "Kuma a gyara sunan nan!"

Bayan fitarsa Lemonia ta buga waya ofishin magajin gari. Yarinyar da ke kula da takardun aure ta ce babu yadda za a yi, dole sunan da ke jarida ya zo daidai da na takardar haihuwa. Sai an sake bugawa.

"To kin huta," in ji Evanthia. "Allah ya buɗe miki ƙofa. Kar ki sake bugawa, nan da wata guda kowa ya manta. A ce kuskuren jarida ne gaba ɗaya. Mitsos ma ya dawo miki da wandunansa."

Lemonia ta tsaya tana kallon ƙeyar Evanthia. Gashin ya yi fari fat, ya yi ƙaranci a tsakiya. Ita ce take rage mata shi kowane wata da almakashin ɗinki. Ta tattara jaridun, waɗanda Babis ya murƙushe da zama, ta sauka.

Fotis yana ganinta ya ɗaga hannu. "Ba a dawo da kaya."

"Ba dawowa na yi da su ba. Raba wa mutane."

"Yanzu? Ai tun ɗazu mutum tara suka zo nema. Jaridar nan ba ta taɓa yin farin jini haka ba."

Ofishin Muryar Kwari ɗaki ɗaya ne a saman kantin magani, ma'aikacinsa kuma mutum ɗaya, Periklis, wanda shi ne mai jaridar, shi ne mai rubutu, shi ne mai shara. Ta same shi yana cin burodi da cuku a kan na'urarsa.

"Kira Lemonia, an riga an bugo mini. Yayanki ne. Kunnena har yanzu yana ƙara." Ya goge baki. "Amma ki yi mini adalci. Rubutunki kamar tafiyar kiyashi, kuma kika ce in ƙanƙanta. Ni kaina ban ga abin da na buga ba. Gobe zan sake, a nan dai inda yake, ƙanana yadda kike so."

"A'a."

"A'a me?"

"Ka ɗauke shi daga wajen akuya. Ka sa a gaba. Da manyan baƙaƙe, waɗanda Stelios zai karanta ba sai ya kai hanci ba."

Periklis ya ajiye burodin. "Kin tabbata? Akwai waɗanda za su yi surutu fa. Ɗazu ma wani ya bugo ya ce ya daina sayen jaridata."

"Dama yana saye?"

"A'a. A gidan kofi yake karantawa."

Ta ja kujera ta zauna kusa da shi, ta faɗa masa sunan babanta baƙi bayan baƙi, ta sa ya karanta mata sau biyu. Ta sa ya karanta na Evanthia ma, da na iyayenta, da sunan ƙauyen da aka haife ta.

Da ta sauko rana ta take, dandalin ya cika da masu cefane. Evanthia tana zaune a kan bencin da ke gaban kantin maganin, da kwando a cinya.

"Likita ya ce kar ki riƙa yawo a rana," in ji Lemonia.

"Ba ke na biyo ba. Nama na fito saye."

"A wajen Mitsos?"

"A wajen wa kuma? Shi kaɗai ne mahauci." Ta gyara zaman kwandon, tana kallon wani wuri daban. "Shafi na nawa?"

"Na uku. A sama."

"Ba na farko ba?"

"Na farko na magajin gari ne, ya buɗe sabon famfo."

Evanthia ta dube ta kamar mai auna tayin kasuwa. Can ta yunƙura ta miƙe. "To. Mu je kafin ya sayar da mai kyaun."

Shagon Mitsos yana ɗaya gefen dandalin, sai an bi ta gaban gidan kofi, inda yanzu aka fito da kujeru waje. Sun saba in za su tsallaka, ɗaya tana gaba ɗaya tana baya, da tazarar taki uku. Lemonia ta yi taki ɗaya, ta tsaya. Ta juyo, ta cafki hannun Evanthia a saman gwiwar hannu, ta danƙe da yatsu biyar.

"Wayyo! Me kike yi?"

"Riƙe ki na yi."

"Haka ake riƙe mutum? Kamar ɗan sanda ya kama ɓarauniya? Sassauta, Lemo, za ki tsayar mini da jini."

"Ban iya ba. Yi tafiya kawai."

Suka shiga dandalin a haka, kwandon yana dukan gwiwar Evanthia, fuskar Lemonia ja wur, idonta a kan ƙofar mahauci. Daga gaban gidan kofi Stelios ya ɗaga hula ya ƙwala musu wata magana a kan rago. Evanthia ta ɗaga masa kwando. Har suka kai ƙofar Mitsos tana mita a kan hannunta, amma ba ta zare shi ba.